Kaporal Mailafiya da Itace na Bakwai

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. A ranar Alhamis, takwas ga watan Mayu na shekarar 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kaporal Mailafiya ɗan Yusuf, bayan jinyar wata bakwai. Shekarunsa saba'in da huɗu a takarda. A bakinsa kuwa, ya danganta da wanda ya tambaya. An yi masa sutura bayan azahar, kuma mutane sun zo daga Tanut, da Gangara, da Ollelewa, har da makiyayan arewacin Belbeji waɗanda ya shekara goma yana rigima da dabbobinsu.

Ni Haris, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, taubashinka ne, Kaporal: uwata da ubanka ciki ɗaya suka fito. Saboda haka kada wanda ya karanta wannan ya ce na yi rashin ladabi ga mamaci. Shekara sittin da ɗoriya kana ce mini bawanka ina ce maka bawana, ban ga dalilin da zai sa in daina don kawai ka rasa bakin ramawa ba. Wannan ne karo na farko da zan yi magana ka yi shiru har in ƙare, kuma wallahi ban ji daɗinsa ba.

Wanda bai san garinmu ba, bari in kwatanta masa. Tsakanin tashar mota da masallacin kasuwa akwai wani ɗan fili, taku ashirin da biyar ne tsawonsa, an kewaye shi da katanga iya gwiwa. A tsakiyarsa ginshiƙin siminti ne, an rubuta sunayen 'ya'yan wannan yanki da suka mutu a bakin daga. Da farko shida ne. A takarda sunansa Filin Tunawa da Sojoji, amma ka tambayi ko ɗan acaɓa a tasha, ce maka zai yi gonar Kaporal. Babu wanda ya naɗa ka. Ka dawo daga soja, ka iske mata na shanya kuɓewa a gindin ginshiƙin, mahauci ya ɗaure ragonsa a jikinsa, ka sa tsohon kakinka ka tsaya a ƙofa, shi ke nan aka yi juyin mulki. Ni kuma ka ɗora mini sabunta rubutun duk shekara, tun da zafin ranar ƙasarmu ta Damergu ba ya barin fenti, kuma kai ba ka karanta boko. Da yatsa kake ƙirga sunayen daga sama, in na yi kuskure ka riga ni ganewa.

Kai ka ce kowane suna sai ya samu itacensa. "Mutum ya ba da ransa," in ji ka, "a ce ko inuwa bai bari a garinsu ba?" Muka yi dariya, domin mun san ƙasarmu. Duk uku ga Agusta, ranar dashen itace, manyan baƙi kan zo da motoci, a dasa dogon yaro, a ɗauki hoto, a tafa, su koma. Kafin kaka ya bushe. A garin da famfo ke ɗauke ruwa kwana uku, wa zai ɗauki jarkarsa ya kai wa sanda?

Wata Juma'a ka tsaya a bakin masallacin kasuwa kana kallon masu alwala, ruwa na bin rairayi yana ɓacewa. Kashegari aka wayi gari babu buta ko ɗaya a masallaci. Ladan ya kusa yin shelar ɓarawo, sai ga su a jere cikin fili, kowace a gindin dashe, da dutsen zama kusa da ita. Ka ce duk mai son sallah ya ƙara taku goma, ladan tafiya ma nasa ne. Da a nan ka tsaya da sauƙi. Amma sai ka koma mai duba alwalar mutane, kai da na sani tun muna yara ba ka cika damuwa da sunna ba. Mutum ya wanke hannu sau ɗaya, ka ce, "Malam, sau uku ne, kada ka tauye kanka." Wanda ya zo daga gida da alwalarsa ya zama abokin gabarka, kakan tare shi a hanya ka ce, "Ka tabbata ba ta karye ba? Shaiɗan fa yana da wayo. Sake ta, babu asara."

Abin ya kai ga Liman, ya yi wa'azi mai tsawo a kan almubazzaranci da ruwan alwala, kowa ya san da wa yake. Bayan sallah ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Allah gafarta Malam, ai almubazzaranci shi ne ruwa ya tafi a banza. Wannan kuwa aiki ya samu." Liman ya shafa gemunsa. Daga ranar ya zaɓi itace na uku ya zama wurin alwalarsa, kuma kowa ya je yau zai ga na ukun ya fi sauran kauri. Kai kakan ce albarkar gemun ne, don yana cin ruwa. Da wannan dabara ka tsayar da dogon yaro shida a wurin da hukuma da ruwan sama suka gaza, kuma a yau direbobi, da masu jiran mota, da tsofaffin da ba su da inda za su, duk a ƙarƙashinsu suke yini.

Yanzu zan faɗi abin da ka hana ni faɗa, ka kuma yi haƙuri, don in ba da shi ba babu wanda zai gane sauran. Shekara ashirin da biyu ka yi a soja, kuma ni da kai da Allah mun san makaminka muciya ce. Kai ke dafa wa sojoji abinci. Tabon hannunka na dama, wanda ka ce harsashi ne ya same ka a duwatsun arewa, tukunyar wake ce ta kife maka a bariki. Ba abin kunya ba ne, soja ba ya yaƙi da yunwa a cikinsa, kuma abokan aikinka har yau suna zancen dafadukarka. Amma kai ba ta ishe ka ba. Ranar kasuwa da la'asar kakan zauna gindin itatuwanka, samari su kewaye ka, ka ba da labarin yadda kai kaɗai ka tare mutum bakwai. Baɗi su zama goma sha biyu. Mu 'yan gari mun san ka, muna sha kamar shayi, mu tashi.

Mutum ɗaya ne bai san ka ba. Sunansa Rissa, saurayi makiyayi daga arewacin Belbeji, wanda kan rako mahaifiyarsa Ummu kasuwa, ita ta sayar da cuku shi ya kai dabbobi. Shi ne ɗanta na fari. Rissa ya gaskata kowace kalma. Ya bar sandar kiwo ya shiga soja, kuma ranar da zai tafi ya zo ya sara maka. Bayan shekara biyu labari ya zo daga gabas, wajen tafkin Cadi. A can aka binne shi. Sunansa kaɗai ya dawo, ni na rubuta shi na bakwai a jikin ginshiƙin.

Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba, ka yi yini ba ka ce uffan ba. Ka sa na raka ka har zangon su Ummu. Ka durƙusa gaban Ummu ka gaya mata gaskiya duka, har da tukunyar wake. Ta juya maka baya ta ci gaba da tatsar akuyarta. A hanyar dawowa ka ce mini, "Haris, an ce baki shi ke yanka wuya. Nawa wuyan ɗan mutane ya yanka." Tun daga lokacin ba ka sake ba da labarin yaƙi ba, ko da an roƙe ka. Ka kuma ɗauki alkawari cewa ba za ka mutu ba sai itacen Rissa ya tsaya, don wata rana uwarsa ta zo ta zauna a inuwarsa, ko Allah Ya sa ta ce ta yafe maka. Wannan kaɗai kake nema a duniya, kuma kowa a garin nan ya sani.

To, a nan yaƙinka na gaske ya fara, wanda ba ka buƙaci ƙara masa gishiri ba. Aka dasa na bakwai a watan Agusta. Ranar kasuwar farko, awakin Ummu suka tsallake katanga, suka wuce itatuwa shida ko kallo ba su yi musu ba, suka tsaya a kan na Rissa suka cinye shi har ƙasa. Shekara ta biyu ka kewaye shi da ƙaya, suka ci ƙayar suka sa dashen a baki daga baya. Ta uku ka kifa masa ganga mai yankakken gindi. Awaki ba su samu shiga ba, amma rana ta dafa shi a ciki, na ce maka sana'a dai ba ta ɓuya. Ka gwada tayoyin mota, ka gwada gidan sauro, ka gwada barkono da toka. Akwai shekarar da ka kwashe wata uku kana gadi da sanda, ranar da ka tafi ɗaurin auren 'yarka Nafisatu, ka dawo ka iske kututture.

Ba zan manta da fursunan yaƙinka ba. Wata baƙar akuya ce, ita ce shugabar rundunar, ka kama ta a cikin fili da ganye a baki, ka ja ta har gida ka ɗaure, ka ce ba za a sake ta ba sai an zo an yi sulhu. Ummu ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Ka ce dokar soja ta hana a bar fursuna da yunwa, ka riƙa sayo mata harawa. Ta cinye hularka ta kaki, ta cinye shanyar yakuwar matarka Halimatu, a kwana na shida ta haifi tagwaye a zaurenka. Ranar kasuwa aka gan ka kana ratsa gari, akuya a gaba, 'ya'ya biyu a hammata. Ka kama ɗaya, ka mayar da uku.

Duk ranar da aka cinye dashe, ko aka ɓalle masa reshe, hanyarka ɗaya ce. Kakan fito daga fili kana ɗaga sanda, kana kururuwa, "Ummu! Awakinki sun cinye Rissa!" Baƙon da bai san zancen ba yakan yi salati ya nemi inda gawa take. Daga layin masu hatsi har zuwa inda take zaune da faifan cukunta, kana tafe kana gaya wa duk wanda ka ci karo da shi ko wane ne Rissa: sojan gaske, wanda ya tsaya inda maza ke gudu, ɗan da garin nan bai cancanci irinsa ba. In ka iso gabanta ka ƙare faɗanka, sai ta ɗago kai ta ce, "Akuya ba ta karatu, Kaporal." Ban taɓa jin ta ƙara kalma ɗaya a kan wannan ba.

Ni kam na ji haushin matar nan, ba zan ɓoye ba. Na ce ƙeta ce kawai, tana gasa tsoho a kan laifin da ya riga ya durƙusa ya amsa. Na ce mu kai ta gaban mai gari. Ka dube ni ka ce, "Wadda na ci wa ɗa, ita zan kai ƙara a kan ganye? Lallai boko bai ƙara maka hankali ba, bawana." An ce ruwa ba ya tsami banza, ni da na shekara talatin ina koya wa yara wannan karin magana, ban taɓa tsayawa na tambayi abin da ya sa awakin da ke tafiyar yini cikin daji ba sa ɓata, su ɓace wa mai su daidai bakin katanga ɗaya duk mako ba.

Dashe tara suka salwanta. Na goma aka sa a watan Agustan bara. Wannan karon ka kwance gadon ƙarfen Halimatu, wanda aka kawo ta da shi, ka kewaye dashen da shi, ka bar baiwar Allah a kan tabarma. Bayan wata biyu ciwo ya kayar da kai. Kullum na shigo duba ka, kafin ka amsa gaisuwa sai ka ce, "Yana nan?" In ce yana nan. Kaka ta wuce yana nan. Sanyi ya wuce yana nan. Bazara ta shigo, lokacin da akuya ke cin kwali da leda, yana nan da ganyensa kore shar. Kai kuwa kana kwance ba ka iya ɗaga kofi, amma bakinka ya dawo: ka ce dabarar yaƙi ce, ƙarfe ta fuska huɗu, abin da ake koya wa manyan hafsoshi. Halimatu ta ce in an gama yaƙin a maido mata gadonta.

Mako ɗaya kafin rasuwarka ka tilasta mana, ni da ɗanka Hamidu, muka ɗora ka a amalanke muka kai ka fili. Ka sa aka tsayar da kai, ka gwada shi da jikinka, ya kai maka ƙugu. Ka sara masa. Sannan ka ce mini a hankali, "Bai yi inuwa ba tukuna. In ya yi, ka je ka gaya mata. Wataƙila." Ka rasu ba ka ji amsar ba, kuma wannan ya tsaya mini a rai fiye da mutuwar kanta.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan rasuwarka na je fili da fentina, don hannuna ya samu abin yi. Sai na ga Ummu tsaye a bakin katanga. Shekara goma ba ta taɓa tako wurin ba. Ta yi mini gaisuwar rashi, na amsa da ƙyar, na ce mata cikin ɗaci, "To, ga shi ƙarfe ya yi maganin awakinki."

Ta dubi gadon ta ce, "Wannan? Baƙar akuyata tana tsallake shi da ciki, Malam. Ni na ɗaure su."

Na ce, "Da can kuma fa?"

"Da can ni ke kwance su."

Na ajiye gwangwanin fenti. Na ce, "Don me, baiwar Allah? Kin ga yadda mutumin nan ya ƙare yana jiran kalma ɗaya daga bakinki?"

Ta ce, "Ɗan fari ne, ka san uwa ba ta kiran sunansa, ko yana raye ban taɓa kira ba. Mu kuma a wajenmu, wanda ya mutu ba a sake ambatonsa. Ubansa ba ya faɗa, ƙannensa ba sa faɗa. Duk duniya mutum ɗaya ne ke kiran sunan yaron nan da ƙarfi, a tsakiyar kasuwa, ya kuma yabe shi. In ba a ci itacen ba, ba ya kira."

Da ƙyar na tambaye ta zancen yafiya.

"Tun shekarar farko," in ji ta. "Yaron ransa ne ya so tafiya, ko kan raƙumi ban iya sauko da shi ba. Amma da na gaya wa Kaporal, da ya yi shiru."

"To me ya sa kika ɗaure su bana?"

"Na ji ya kwanta. Na ce a bar tsoho ya ci yaƙi ɗaya a rayuwarsa." Ta gyara mayafinta. "Wata bakwai ke nan ban ji an kira sunan ba. Malam, kai ka iya karatu. Karanta mini abin da ke jikin simintin nan."

Na karanta, Kaporal. Na fara daga sama da muryar aji, ɗaya bayan ɗaya, da na zo na bakwai sai na ji muryar ba ta isa ba, na buɗe maƙogwaro irin naka, har masu hatsi suka waiwayo. Ta ce in sake. Na sake. Sannan ta tsallako katanga, ta zauna a ƙasa kusa da dashen da ko kanta ba ya rufewa daga rana, ta daɗe a wurin. Ni na koma gindin itace na uku na yi kuka irin wanda ban yi a maƙabarta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Halimatu, wadda ta yi haƙurin shekara arba'in da takwas da mutumin da ba ya rufe baki, ga Hamidu da Nafisatu da 'ya'yansu, ga tsofaffin sojojin da suka ci daga tukunyarsa, ga iyalan mutum bakwai da ke jikin ginshiƙin nan, da duk jama'ar Damergu. Ina kuma yi wa Ummu ta'aziyya ta daban, domin ita ma ta yi rashi, kuma ba ƙarami ba. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, Ya kyautata tamu in ta zo.

Kai kuma, bawana, ka aike ni da saƙo, ga amsarsa na kawo, na makara da 'yan kwanaki: ta yafe maka, tun shekarar farko. Allah Ya sa ta iske ka inda kake. Allah Ya gafarta maka ƙaryarka da gaskiyarka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya makwancinka, Ya yafe maka kamar yadda uwar Rissa ta yafe. Amin.